Harafi ɗaya, ma'ana biyu: karatun takardar W-2 ta soja da ma'aikacin gwamnati a Amurka

A ƙarshen watan Janairun bara ƙanena, wanda yake aikin soja a rundunar ƙasa ta Amurka, ya kira ni da dare hankalinsa a tashe, ya ce, "Yaya, ina jin an tafka kuskure a takardata, domin kuɗin da aka rubuta bai kai ko rabin abin da ya shiga asusuna ba." Na ce ya kwantar da hankalinsa, ya ɗauki hotonta ya turo mini. Takardar da yake nufi ita ce W-2, wadda doka ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikata a Amurka ya ba ma'aikacinsa zuwa ranar 31 ga Janairu, a cikinta an bayyana albashin shekarar da ta gabata da harajin da aka riga aka cire, kuma da ita ake cika fom 1040 na harajin shekara, wanda wa'adinsa ya saba faɗawa a ranar 15 ga Afrilu. Na duba ta daga sama har ƙasa ban ga kuskure ko ɗaya ba. Abin da ya ruɗe shi shi ne abin da ya taɓa ruɗa ni lokacin da na fara aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a matsayin farar hula, wato ɗaukar akwati na 1 a matsayin jimlar abin da mutum ya samu a shekara. Ba haka ba ne. Akwati na 1 yana nuna kuɗin da harajin tarayya zai hau kansu ne kaɗai, sauran kuɗin kuwa ko dai an ɓoye labarinsu a cikin haruffan akwati na 12 da na 14, ko kuma ba su shiga takardar ba sam.

Takardar soja tana fitowa ne daga DFAS, hukumar da ke biyan albashin ma'aikatar tsaro, kuma ana sauke ta daga shafin myPay. Dakarun tsaron gaɓar teku ne suka fita daban, domin suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaron cikin gida kuma suna da nasu ofishin biyan albashi. Ma'aikatan farar hula na tarayya kuwa ofisoshi kaɗan ne suke biyansu, ciki har da ita DFAS ɗin da cibiyar kuɗi ta ma'aikatar gona. Wannan bayani zai yi kama da ƙarin surutu, amma a ƙasa za a ga cewa sanin ofishin da ya buga takardarka shi ne mabuɗin akwati na 14.

Bari in fara da soja, tun da nasa ya fi ɗaure kai. Kuɗin da soja yake karɓa kashi biyu ne a idon hukumar haraji ta IRS: akwai albashi, akwai alawus. Alawus ɗin gida da ake kira BAH da na abinci da ake kira BAS ba a biyan haraji a kansu, saboda haka ba za ka gan su a akwati na 1 ba, ba za ka gan su a na 3 ko na 5 ba, wato akwatunan albashin da ake cire wa harajin fanshon ƙasa da na inshorar lafiyar tsofaffi, kamar ma ba a taɓa biyansu ba. A garuruwa masu tsadar haya alawus ɗin gida kaɗai yana iya kusantar albashin ƙaramin soja, shi ya sa giɓin da ke tsakanin abin da ya shiga banki da abin da aka rubuta yake da faɗi haka. Alawus ɗin tsadar rayuwa na wanda aka tura ƙasar waje shi ma ba ya da haraji, amma takwaransa da ake biya a wasu garuruwa na cikin Amurka ana biyan haraji a kansa, kuma yana cikin akwati na 1. Sai kuma wani abin da ba kowa ya lura da shi ba: harajin fanshon ƙasa, wato Social Security, da na inshorar lafiyar tsofaffi, wato Medicare, ana cire su ne daga ainihin albashin soja kawai. Ladan sabunta kwantiragi da ƙarin kuɗin da ake ba masu aiki na musamman, kamar matuƙa jirgi, suna shiga akwati na 1 amma ba sa shiga na 3 da na 5. Saboda haka a shekarar da soja ya karɓi irin wannan lada akwati na 1 yana iya zarce na 3, a shekarar da aka tura shi fagen daga kuma ya faɗi ƙasa da shi sosai, kuma duka biyun daidai ne.

Na ƙanena na biyun ne, kuma amsar tana akwati na 12 a gaban harafin Q. Wannan harafi yana nufin albashin da soja ya samu a yankin da aka ayyana a matsayin fagen yaƙi, wanda sashe na 112 na dokar haraji ya keɓe daga harajin tarayya. Shugaban ƙasa ne yake ayyana irin waɗannan yankuna. Na yankin Larabawa an ayyana shi tun Janairun 1991, ya haɗa da Iraƙi da Kuwait da Saudiyya da Ƙatar da Baharain da Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da ruwayen da ke kewaye da su kamar Tekun Fasha da Bahar Maliya. Na yankin Kosobo ya biyo baya a 1999, na Afganistan a 2001, sannan dokar haraji ta 2017 ta ba waɗanda suke aiki a yankin Sina'i na Masar irin wannan sassauci. Ba sai soja ya ji ƙarar harbi ba, kasancewarsa a yankin bisa umarnin aiki ya wadatar.

Ƙa'idar da ta fi ba mutane mamaki ita ce ta wata. Idan soja ya yi ko da kwana ɗaya ne a yankin cikin wata, to albashin watan gaba ɗaya ya kuɓuta daga haraji. Bari in kawo misali da alƙaluma masu sauƙin lissafi, ba nasa na ainihi ba. A ce albashin soja dala 3,500 ne a wata, wato 42,000 a shekara, ya sauka Kuwait ranar 28 ga Maris ya baro ta ranar 3 ga Yuli. A kalanda wata uku ne da 'yan kwanaki, amma a lissafin haraji wata biyar ne cur: Maris, Afrilu, Mayu, Yuni da Yuli. Zai ga 17,500 a gaban Q, ya ga 24,500 a akwati na 1, amma akwati na 3 da na 5 za su nuna 42,000 ɗin nan cif, domin sassaucin bai shafi harajin fanshon ƙasa da na Medicare ba. Hakan ma alheri ne gare shi, tun da da waɗannan alƙaluma ake lissafa abin da zai karɓa bayan tsufa. Sojan da ba hafsa ba, tun daga kurtu har zuwa babban saje, da kuma jami'in waranti, ba a yanka musu iyaka ba, duk albashin watan ya fita. Hafsa kuwa an yanka masa: abin da za a keɓe masa a wata ba zai wuce albashin sojan da ya fi kowa girma a cikin waɗanda ba hafsoshi ba, haɗe da alawus ɗin haɗari, wanda yake kai wa dala 225 a wata. Ladan sabunta kwantiragi ma, idan an sa hannu a kansa cikin watan da soja yake yankin, yana bin wannan hukunci, shi ya sa za ka ji wasu suna jinkirta sa hannu sai ƙafarsu ta taka can.

Tun da ba a biyan haraji a kan kuɗin Q, me ya sa aka damu da rubuta shi? Saboda yana da aiki a wurare uku. Na farko shi ne rangwamen da ake yi wa ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi, wanda ake kira EITC. Wannan rangwame yana hawa ne yayin da kuɗin da mutum ya samu da guminsa yake hawa, ya tsaya a wani mataki, daga nan ya fara sauka har ya ƙare. Doka ta ba soja zaɓi ya ƙidaya kuɗin Q a wannan lissafi ko ya bar shi, amma babu raba-daidai, ko dai ya sa shi duka ko ya cire shi duka, kuma a layi na 1i na fom 1040 ake rubuta zaɓin. Wanda ya shafe kusan shekarar a fagen daga, akwatinsa na 1 ya zama ɗan mitsitsi, sa kuɗin yana iya ɗaga masa rangwamen. Wanda kuma matarsa take aiki, ko ya yi rabin shekara a gida, sa shi yana iya tura shi gangaren da rangwamen yake raguwa. Babu wata dabara a nan illa a yi lissafin sau biyu a ɗauki mafi riba. Na biyu, tun daga dokar 2006 ana ƙidaya wannan kuɗi a matsayin albashi wajen zuba kuɗi a asusun ritaya na ƙashin kai, wato IRA, wanda iyakarsa ta kasance dala 7,000 a 2024 da 2025 ga wanda bai kai shekara 50 ba. Na uku, ganin Q alama ce cewa mai takardar yana iya samun ƙarin wa'adi: kwana 180 bayan barin yankin, da ƙarin adadin kwanakin da suka rage masa na lokacin cika haraji ranar da ya shiga. Farar hular da aka tura yankin don tallafa wa sojoji yana samun ƙarin wa'adin, amma albashinsa ba ya kuɓuta daga haraji, kuma ba zai ga Q a takardarsa ba.

Haruffan da soja da farar hula suka yi tarayya a kansu su ne D da AA, kuma dukansu suna magana ne a kan asusun tanadin ritaya na ma'aikatan tarayya, TSP. Harafin D shi ne abin da ka zuba a ɓangaren gargajiya, wanda ake cirewa kafin a lissafa haraji, don haka an riga an rage shi daga akwati na 1, sai ranar da ka zo ɗiba bayan ritaya ka biya. AA kuwa shi ne abin da ka zuba a ɓangaren Roth, wanda aka buɗe a TSP a 2012, kuma shi an riga an biya harajinsa, yana cikin akwati na 1. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ga adadin D ya sake neman inda zai cire shi a fom 1040, alhali an riga an cire masa. Wani kuma ya ga adadin ya yi ƙasa da abin da ya shiga asusunsa na TSP ya zaci an danne masa wani abu. Dalilin shi ne gudummawar da gwamnati take ƙara maka, wato kashi 1 cikin ɗari na kai tsaye da kuma har kashi 4 na daidaita abin da ka zuba, ba ta fitowa a W-2 ko kaɗan. Haka abin yake ga farar hula da ke tsarin fansho na FERS, haka yake ga sojan da ke sabon tsarin ritaya da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018.

Akwai iyaka a kan jimlar D da AA: dala 23,000 a 2024, 23,500 a 2025, da ƙarin 7,500 ga wanda ya kai shekara 50. Iyakar ta mutum ce, ba ta wurin aiki ba, kuma a nan ne sojojin ko-ta-kwana suke faɗawa rami. Wanda yake da aikin farar hula kuma yake zuwa atisayen soja yana karɓar W-2 biyu, kowace da nata D ko AA, kuma babu ofishin da ya san abin da ɗayan ya cire. Shi ne zai haɗa su da kansa, idan sun haura iyaka ya nemi a mayar masa da rarar kafin 15 ga Afrilu, in ba haka ba ya biya haraji a kanta sau biyu. Wani lokaci kuma za ka ga lamba biyu a gefen harafin, kamar D 24. Lambar shekara ce ba kuɗi ba. Idan shekarar da ta wuce ce aka rubuta, ma'anarta ka rama zubin da ya kuɓuce maka lokacin da aka kira ka aikin soja, kamar yadda dokar 1994 mai kare guraben aikin sojoji ta ba da dama, kuma wannan zubi ana auna shi ne da iyakar waccan shekarar.

Yanzu sai akwati na 14, inda ni kaina na yi tuntuɓe. Haruffan akwati na 12 na IRS ne, ma'anarsu ɗaya ce ko a barikin soja kake ko a kamfanin gine-gine. Akwati na 14 kuwa fili ne da aka bar wa mai biyan albashi ya rubuta abin da ya ga ya kamata ma'aikaci ya sani, da irin alamar da ya zaɓa. Matsalar ita ce wasu ofisoshin gwamnati su ma haruffa suke amfani da su, haruffan nan kuma sun yi karo da na akwati na 12. A shekarata ta biyu da fara aiki na ga V a akwati na 14 da kuɗi masu ɗan kauri a gabansa. Na buɗe jerin haruffan IRS, na tarar V yana nufin ribar da ma'aikaci ya samu daga damar sayen hannun jarin kamfanin da yake wa aiki. Na zauna ina tunanin yaushe gwamnatin Amurka ta fara sayar da hannun jari har aka ba ni ban sani ba. Maimakon in tsaya in yi bincike, sai na shigar da shi a gurbin akwati na 12 na manhajar da nake cika haraji da ita, nan take ta fara jero mini tambayoyi a kan ranar da na sayar da jarin da farashin da na saye shi. Na kusa awa guda ina kai-komo kafin in lura takardar tana da shafi na biyu, mai ƙananan rubutu, wanda ban taɓa buɗewa ba. A nan aka rubuta ɓaro-ɓaro cewa V a akwati na 14 shi ne kuɗin inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya, FEHB, da aka cire mini kafin haraji. Laifin nawa ne, bayanin yana hannuna tun farko.

Ba V kaɗai ba ne. A takardun DFAS, K a akwati na 14 kuɗin inshorar haƙori da ido ne da aka cire kafin haraji, alhali K na akwati na 12 wani harajin ladabtarwa ne na kashi 20 cikin ɗari a kan maƙudan kuɗin sallama da ake ba manyan shugabannin kamfani. E kuwa ya fi kowanne haɗari ga soja. A akwati na 12, E zubi ne a asusun ritaya na 403(b), irin na malaman makaranta da ma'aikatan asibitoci. A akwati na 14 na soja, E shi ne abin da ya zuba a ɓangaren gargajiya na TSP daga albashinsa na fagen daga. Tun da kuɗin ba su da haraji tun asali, ba za a sa su ƙarƙashin D ba, ba sa cikin iyakar 23,500, sai dai suna ƙarƙashin wata babbar iyaka da ta kai dala 70,000 a 2025. Ranar ɗiba ba za a biya haraji a kan uwar kuɗin ba, amma za a biya a kan ribar da suka haifa. A ganina wanda yake fagen daga ya fi dacewa ya fara cika ɓangaren Roth, domin a can uwar kuɗin ta shiga ba haraji, ribar ma ta fita ba haraji idan an cika sharuɗɗan shekaru, wanda abu ne da ba kasafai dokar harajin Amurka take bari ya faru ba. Sai dai zubin Roth yana nan ƙarƙashin AA, kuma ƙaramar iyakar tana hawa kansa.

Ga farar hula, hanya mafi sauƙi ta gane takardar ita ce a sake gina ta da fensir. A ce albashinka dala 80,000 ne, an cire 4,000 na inshorar lafiya da 600 na haƙori da ido, ka kuma zuba 4,000 a ɓangaren gargajiya na TSP. Kuɗin inshorar suna fita kafin kowane irin haraji, tsarin da aka fara wa ma'aikatan tarayya a shekarar 2000, don haka akwati na 3 da na 5 za su nuna 75,400. Zubin TSP kuwa harajin kuɗin shiga kaɗai yake kauce wa, don haka akwati na 1 zai nuna 71,400. Akwati na 4 kashi 6.2 cikin ɗari ne na akwati na 3, wato 4,674.80, na 6 kuma kashi 1.45 ne na akwati na 5, wato 1,093.30. Idan waɗannan biyun ba su fito haka ba, to akwai abin tambaya. Akwati na 3 yana da rufi, dala 168,600 a 2024 da 176,100 a 2025, na 5 ba shi da shi. Abin da ake cire maka na fanshon FERS, kashi 0.8 ga waɗanda aka ɗauka kafin 2013, kashi 3.1 ga na 2013, kashi 4.4 ga na 2014 zuwa sama, ba ya rage akwati na 1, domin bayan haraji ake cire shi. A kuma tuna cewa ranar biya ake bi ba ranar aiki ba, saboda haka makonnin ƙarshen Disamba da aka biya a Janairu sun faɗa takardar baɗi.

Harafin DD yana firgita mutane don adadinsa yakan yi girma, alhali ba ya da wani tasiri a lissafi. Jimlar kuɗin inshorar lafiyarka ne, naka da na gwamnati a haɗe, wanda dokar lafiya ta 2010 ta ce a riƙa nunawa don ma'aikaci ya san tsadar abin. Soja ba ya ganinsa a kan TRICARE, tsarin kula da lafiyar sojoji, domin an keɓe shi daga wannan doka. W kuwa yana da aiki: kuɗin da suka shiga asusun ajiyar lafiya na HSA ta hanyar albashi ne, kuma ganinsa yana nufin sai an cika fom 8889.

Tsofaffin ma'aikatan tarayya da suka rage a tsohon tsarin fansho na CSRS, wanda FERS ya gaje shi a 1987, za su ga akwati na 3 da na 4 fayau, domin ba sa biyan harajin fanshon ƙasa, amma suna biyan na Medicare tun 1983. Haka ma malaman makarantun gwamnati da yawa a jihohi kamar Teksas da Kalifoniya da Ohayo za su ga akwatunan nan biyu fayau. Ma'aikatan jihohi da ƙananan hukumomi kuma suna da nasu haruffa: G na asusun ritaya na 457(b), EE na ɓangarensa na Roth, E da BB na 403(b). Abin lura a nan shi ne 457(b) yana da iyakarsa daban, ba a haɗa shi da sauran. Ma'aikacin jihar Niyok zai ga 414H a akwati na 14, wato zubinsa na fansho, wanda tarayya ta yafe masa haraji a kai amma jihar ba ta yafe ba, sai ya mayar da shi cikin kuɗin shigarsa a fom ɗin jiha. Wannan ya nuna cewa ba duk abin da ke akwati na 14 ba ne na kallo kawai.

Ɗan ƙaramin akwati na 13 ma yana da nauyi. Idan an yi alama a gurbin tsarin ritaya, kamar yadda ake yi wa kusan duk soja mai cikakken aiki da ma'aikacin gwamnati, to damar cire zubin IRA na gargajiya daga haraji tana raguwa ko ta ƙare idan kuɗin shigarka sun haura wani mataki. Sojan ko-ta-kwana da bai yi fiye da kwana 90 na cikakken aiki a shekarar ba, ban da kwanakin horo, ba a ɗaukarsa a matsayin wanda tsarin soja ya rufe.

Ƙaura ita ce inda soja da farar hula suka rabu tun 2018. Dokar 2017 ta dakatar da rangwamen kuɗin ƙaura ga jama'a amma ta bar wa soja mai cikakken aiki da aka sauya wa wurin aiki bisa umarni. P a akwati na 12 kuɗin ƙaura ne da aka mayar masa kai tsaye ba tare da haraji ba, kuma idan zai nemi rangwamen abin da ya kashe daga aljihunsa a fom 3903, sai ya fara cire adadin P. Wanda ya kwashe kayansa da kansa aka biya shi, ribar da ta rage bayan an cire abin da ya kashe tana da haraji, kuma tana zuwa ne a wata W-2 daban wadda ba lallai ta fito rana ɗaya da ta albashi ba. Farar hular da aka sauya wa gari kuwa yawancin kuɗin da aka kashe masa sun zama kuɗin shiga, ko da ba su taɓa ratsa hannunsa ba, sai dai gwamnati tana biyan wani alawus don rage masa nauyin harajin.

A akwati na 15 zuwa 17, jihar da aka rubuta wa soja ita ce jiharsa ta asali a doka, ba inda barikinsa yake ba. Ɗan Fulorida ko Teksas da aka tura Bajiniya zai ga wurin babu haraji, domin jihohin nan biyu ba sa karɓar harajin albashi, kuma dokar 2003 mai kare sojoji ta hana jihar da ya baƙunta taɓa albashinsa na soja. Amma idan ya kama wani aiki na gefe a garin, wannan jihar tana da haƙƙi a kansa. Sauya jihar asali ana yin sa ne da fom DD 2058, kuma cika fom ɗin kaɗai bai isa ba sai an ga alamun zama na gaske, kamar rajistar zaɓe da lasisin tuƙi. Tun 2009 matan sojoji da mazajensu sun sami makamanciyar wannan kariya, aka faɗaɗa ta a 2018. Farar hular da yake aiki a birnin Washinton amma yake kwana a Bajiniya ko Merilan jihar da yake zaune yake biya wa.

Kafin a shigar da komai, ni dai abin da nake yi shi ne in ajiye takardar albashi ta ƙarshen shekara, wadda ake kira LES, a gefen W-2, in gwada jimlar shekara layi bayan layi. Ga soja, abin da ya fi cancantar ƙirgawa shi ne watannin Q, musamman na shiga da na fita, domin idan takardun tafiya sun makara wajen isa ofishin kuɗi, wata guda yana iya zama a akwati na 1 alhali na Q ne. Ba a gyara wannan da biro, ba a kuma rubuta adadin da kake ganin shi ne daidai a fom 1040, tun da kwafin takardar yana hannun gwamnati. Ofishin kuɗi ake zuwa a nemi gyararriyar takarda, W-2c, idan kuma an riga an miƙa harajin sai a bi shi da fom 1040-X. Soja da iyalinsa suna da manhajar MilTax kyauta, kuma barikoki da dama suna da masu sa kai na shirin VITA, mai taimakon cika haraji kyauta, da aka horar a kan irin waɗannan takardu.

Ni da ƙanena mun ƙirga watanninsa a daren nan, suka fito daidai da abin da ke gaban Q. Muka yi lissafin EITC sau biyu, ya zamana barin kuɗin fagen daga a waje ne ya fi masa, saboda matarsa ta yi aiki a shekarar. Ya so ya tura a take, na ce ya dakata, tun da na tuna da kansa ya tuƙa motar haya ya kwashe kayansu lokacin da aka sauya masa bariki a ƙarshen bazara. Ya sake shiga myPay bayan 'yan kwanaki ya tarar da W-2 ta biyu tana jiransa, ɗauke da ribar ƙaurar a akwati na 1 da harajin da aka riga aka cire a akwati na 2, sai muka haɗa su biyun a fom ɗaya.